Gurbi Uku

Kuran ya ɗauke a Bilbis tun bayan isha'i,
muka jingina tocila da butar shayi,
mu huɗu kan tabarma a zauren su Arzika,
da kaye, da guntun fensir, da magogi,
da ɗan jifa mai fuska ashirin
wanda Agali ya zo da shi daga Yamai
a aljihu, kamar goron da ba na rabawa.

Nomau bai sha wahala ba.
Ya ce a ba shi takobi,
ya juye makinsa kaf a damtse,
ya bar wa hankali biyu, ya koma cin gyaɗa.
Agali ya ɗauki ɓarawo mai tafiyar kyanwa.

Ni ne hatsabibin tawaga.
Na zana shi siriri kamar karan dawa,
ƙarfinsa shida, ko tulu ba zai ɗauka ba,
wayonsa sha bakwai.
Arzika ya miƙo takarda, ya ce:
ga asirai goma sha biyu,
gurbinka uku ne, sauran sai ka girma,
kuma abin da aka rubuta yau ba a sakewa.

Dunƙulen wuta. Layar zana.
Barcin da ke kwantar da mutum tara a tsaye.
Jin harshen kowace halitta.
Tafiya bisa ruwa, mu da tabkinmu ke ƙafewa.

Ɗauki wuta, in ji Nomau,
in ba haka ba kogon farko zai cinye mu.
Na ɗauka. Mai ƙarfi shida ba ya musu da mai takobi.
Na biyu na ɗauki ɗinkin abin da ya fashe,
don na san tafiya:
ba dodo ke tsayar da ayari ba,
igiyar guga ce, da takalmi, da salka mai tsiyayewa.

Saura ɗaya.
Shayi na biyu ya zo ya wuce.
Sauro ya gano mu.
Yatsana yana kan layin ƙarshe, ya ƙi gusawa.

Saƙon nesa, aka rubuta.
Kalma goma, zuwa ga wanda ka san fuskarsa,
ko yana bayan teku, ko bayan rairayi,
zai ji ka cikin kansa, yana iya amsawa.

Agali ya ce ɓarnar gurbi ce,
wa za ka kira a ƙasar dodanni?
Sai ya tuna, ya sunkuya yana gyaran gawayi.
Shekara biyu da wata huɗu
tun da Assumana ya kira daga Sabha
ya ce kiredi zai ƙare, a gaida Inna.
Lambarsa tana nan. Wata mata ce ke ɗauka,
da Larabci, kullum magana ɗaya take maimaitawa.

Na ce: Arzika, in wanda aka aika wa ba shi da rai fa?
Ya buɗe kayensa, ya daɗe yana duba,
ni kuwa na san shi ya rubuta dokokin da hannunsa.
Ya ce: nan ba a faɗa ba.
Ya ce: sai an jefa ake ganewa.

Wasa ne, na sani.
Sihirin fensir ne, magogi ya fi shi ƙarfi.
Amma na ƙirga a yatsu, ƙarƙashin tabarma:
Yaya, Inna ta sayar da tunkiyar, rufin ɗakinka yana zuba.
Goma cif. Babu wurin tambaya,
babu wurin yaushe kake dawowa.

Na rubuta shi a gurbi na uku,
na danna har bakin fensir ya karye.
Nomau ya turo mini gyaɗa bai ce komi ba.
Arzika ya gyara murya:
kuna bakin wata rijiya, rana tana faɗuwa.
Ɗan jifa yana tafina, da ɗumi kamar ƙwai.
Ban sake shi ba tukuna.
Can wajen tasha wata mota tana shigowa Tawa.